An gayyace ni shiga kulob ɗin Rotary: me zan tarar a ciki?

"Assalamu alaikum Baba. Ni mai harhaɗa magunguna ce a Kaduna, ina da ɗan shagon magani nawa. Wata abokiyar aikina ta daɗe tana gayyata ta zaman kulob ɗinsu na Rotary, tana so in shiga. Iyakar abin da na sani game da su shi ne rigakafin shan inna, sai allunan da nake gani a jikin rijiyoyin burtsatse. Maigidana ya ce ya taɓa ji a wa'azi cewa ƙungiyar asiri ce. Wata ƙawata kuma ta ce ta masu kuɗi ce, a je otal a ci abinci a ɗauki hoto. Na ji an ce ka daɗe a cikinta. Don Allah a taƙaice, mece ce wannan ƙungiya, me ake nema wurin wanda ya shiga, shi kuma me zai samu?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce a taƙaice, to ga shi: Rotary ƙungiya ce ta masu sana'a da 'yan kasuwa da ma'aikata, suna haɗuwa a kai a kai, suna fitar da kuɗi daga aljihunsu, suna yi wa garinsu aiki da shi. Wanda ya shiga shi ne mai bayarwa. Idan kin riƙe wannan, rabin tambayarki ta amsu. Sauran rabin, wato maganar maigida da ta ƙawarki, ba ta amsuwa a layi biyu, domin kowannensu akwai inda ya samo tasa.

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya fara ta a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairun 1905, shi da abokansa uku. Da farko ma ba taimakon jama'a ne ya haɗa su ba, zumunci ne da neman abokan ciniki masu amana a babban birnin da ba wanda ya san wani. Hidimar al'umma daga baya ta shigo, har ta zama ita ce taken ƙungiyar: a fifita hidima a kan buƙatar kai. Yau mambobinta sun haura miliyan ɗaya a faɗin duniya, hedikwatarta tana garin Evanston kusa da Shikago. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne kulob na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan su biyo baya a cikin shekarar. Kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar ta duniya baki ɗaya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne daga kulob ɗin Kano, ya yi shugabancin daga 2003 zuwa 2004. Mata kuwa sun daɗe a waje. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987, sannan majalisar dokokin ƙungiyar ta buɗe musu ƙofa a ko'ina a 1989. Mace ta farko da ta hau kujerar shugabancin duniya, Jennifer Jones 'yar Kanada, sai a 2022 ta hau.

Abin da ya fi tarihin muhimmanci gare ki shi ne tsarin. Ba wanda ke shiga "Rotary ta duniya" kai tsaye. Kulob ɗaya ake shiga, a gari ɗaya, kuma kowane kulob da shugabansa da ma'ajinsa da asusunsa da halinsa. Kulob-kulob da yawa su ke haɗuwa su zama gunduma ƙarƙashin gwamnan gunduma, wanda shi ma ɗan sa-kai ne, ba albashi. Saboda haka za ki iya samun kulob biyu a gari ɗaya, tambari iri ɗaya, ɗaya yana aiki tuƙuru, ɗaya kuma daidai yake da abin da ƙawarki ta faɗa. Na ga iri biyun.

Zaman kulob

A da dole ne a zauna kowane mako. Tun 2016 aka sassauta, yanzu mafi ƙaranci sau biyu a wata, ko da yake yawancin kulob ɗinmu na nan sun ci gaba da zaman mako-mako, galibi da yamma bayan an tashi aiki. Shugaba zai buga 'yar ƙararrawa a buɗe zama, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a gabatar da baƙi. Sakatare ya karanta wasiƙu, kwamitoci su ba da rahoto, sau da yawa a gayyato wani masani ya yi jawabi na minti ashirin a kan sana'arsa ko wata matsalar gari. Akwai mai kula da tsarin zama wanda ke cin mutane tara ta raha: wanda ya makara, wanda ya manta ɗan bajen ƙungiya a ƙirjinsa, wanda aka yi wa haihuwa bai sanar ba. Kuɗin tarar asusun aiki suke shiga.

Ana kuma karanta wasu tambayoyi huɗu da wani mamba, Herbert Taylor, ya tsara a 1932 don ceto kamfaninsa da ke neman durƙushewa, ƙungiyar ta ɗauke su a 1943. Duk abin da mutum zai yi tunani, ko ya faɗa, ko ya aikata, ya tambayi kansa: gaskiya ne? Adalci ne ga duk wanda abin ya shafa? Zai ƙara kyakkyawar niyya da zumunci? Zai amfani kowa? Shi ke nan "karatun" da ake yi a zaman, ba wani na ɓoye a bayansa.

Wani abu da zai ba ki mamaki a ranar farko shi ne al'adar kiran juna da sunan yanka. Manufar ita ce farfesa da mai shago su zauna daidai wa daida. A wurinmu abin bai taɓa zama daram ba, don ba ɗan Bahaushen da zai kira sa'an mahaifinsa da gatsau, sai muka koma kiran juna da muƙaman ƙungiya, tsohon shugaba kaza, tsohon gwamna kaza, har abin ya so ya koma sarauta.

Maganar kuɗi

Nan ne ya kamata abokiyar aikinki ta buɗe miki komai tun kafin ki sa ƙafa, kuma nan ne masu gayyata suka fi yin nauyin baki. Kuɗin kashi-kashi ne. Akwai na hedikwatar duniya, kimanin dala 80 a shekara a kan kowane mamba. Akwai na gunduma, akwai na kulob, akwai kuɗin mujallar ƙungiya, akwai na abinci ko hayar ɗakin taro, wasu kulob kuma suna karɓar kuɗin shiga sau ɗaya. Duk wannan kafin a zo ga gudummawar aiki, wadda ita ce dalilin taruwar. Tun da naira ta faɗi a 2023 kason dalar ya zama kaya. A canjin naira 1,500, dala 80 ta kai naira 120,000, alhali a farkon 2023 ba ta kai naira 40,000 ba a canjin gwamnati. Na san mutanen kirki, masu zuwa aiki da jikinsu, da suka janye saboda wannan kaɗai. Don haka ki nemi ma'ajin kulob ɗin ya rubuta miki jimillar abin da mamba ya kashe bara, har da na bikin rantsar da sabon shugaba da ankon da ake fitarwa, ki auna da abin da shagonki ke kawowa.

Sai tambayarki ta ƙarshe, me mutum zai samu. Ba adashi ba ne da za ki zuba ki jira ranar kwasarki. Gayya ce, kowa da fartanyarsa ya zo, gonar kuma ta wani ce. Ba rance, ba jari, ba kwangila. Gidauniyar Rotary, wadda aka assasa a 1917, tana ba da tallafin karatun digiri na biyu da na nazarin zaman lafiya, har akwai cibiyarta a Jami'ar Makerere ta Yuganda, amma dokarta ta hana mamba cin wannan tallafi, ta hana mijinta ko matarsa, da 'ya'ya da jikoki da iyaye. Na sha ganin wanda ya shigo da tunanin zai samo wa ɗansa gurbin karatu a waje, da ya ji wannan doka ba a sake ganinsa ba.

Abin da ake samu na gaske iri biyu ne. Na ɗaya, mutane. Ƙungiyar tana son kowane kulob ya haɗa sana'o'i daban-daban, don haka za ki zauna teburi ɗaya da injiniyan ruwa da lauya da akanta da shugabar makaranta, Musulmi da Kirista, 'yan gari da baƙi. A gari irin Kaduna, inda rafi ya raba mazauna, wurin da mutanen ɓangarorin biyu ke zama duk mako su yi lissafin kuɗi tare ba ƙaramin abu ba ne. Ciniki yakan biyo ta nan, ba na musu, amma wanda ya zo don tallar hajarsa da wuri ake gane shi. Na biyu, horo. Mutum zai koyi jagorantar taro, rubuta kasafin aiki, tsayawa gaban hakimi ko kwamishina ya yi bayani a minti biyar, da kare lissafi gaban mutanen da kuɗinsu ne aka kashe.

Aikin da ake yi

Shan inna shi ne babban aikin da aka san ƙungiyar da shi. Ta fara da yi wa yara rigakafi a Filifin a 1979, ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985, sannan a 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga duniya. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Mu nan arewa mun san yadda aka sha fama. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai tsakiyar 2004, wato daidai shekarar da mutumin kulob ɗin Kano ke shugabantar Rotary ta duniya. A 2012 fiye da rabin yaran da cutar ta kama a duniya 'yan Najeriya ne. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana ɗiga wa yara maganin saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Ina faɗa wa sababbin mambobi kada su cika baki a kan wannan nasara. Rotary ta kawo kuɗi masu yawa, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin gwamnatoci shekara da shekaru ba ta gaji ba. Amma waɗanda suka shiga gida-gida da akwatin ƙanƙara a rana tsaka matan unguwa ne, waɗanda suka sa aka buɗe musu ƙofa kuma sarakuna ne da hakimai da masu unguwanni da malamai.

Aikin yau da kullum na kulob ya fi wannan ƙanƙanta: rijiyar burtsatse, banɗakin makarantar firamare, bencina, gidan sauro, gwajin hawan jini da ciwon suga kyauta, kayan haihuwa ga ƙaramin asibiti, dashen itatuwa. Idan aikin babba ne, kulob na nan zai nemi wani kulob a wata ƙasa su haɗa hannu su nemi tallafin Gidauniya, wanda kasafinsa ke farawa daga dala 30,000. Sharaɗinsa shi ne sai an fara zama da mutanen wurin an ji abin da suke buƙata, kuma sai an nuna yadda aikin zai ɗore bayan an tafi.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne inda muka fi rauni, kuma dalilin yana cikin tsarinmu. Shugaban kulob shekara ɗaya yake yi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Kowane sabon shugaba yana son aikin da za a kafa allo da sunansa, ba mai son ya kashe shekararsa yana gyaran famfon wanda ya gada. Sai ki tarar da rijiya mai sola an buɗe ta da kaɗe-kaɗe, bayan damina biyu injin ya ƙone ko an sace faifan solar, ba kwamitin unguwa, ba asusun gyara, ba wanda ya san lambar mai gyaran. Kulob ɗin da ya san abin da yake yi ba ya tona rijiya sai mai unguwa ya ba da mutanen da za su kula da ita, an yarda a kan ɗan abin da za a riƙa karɓa a kan jarka don gyara, an kuma sa mata a kwamitin, tun da su da yaransu ne masu ɗiban ruwan. A irin wannan ne sana'arki za ta yi rana. Na ga rabon magani kyauta da aka yi ba mai harhaɗa magunguna a wurin, ana miƙa wa tsofaffi maganin hawan jini na mako biyu ba wanda ya tambayi inda za su samu na gaba. Mamba ɗaya irinki da ta hana wannan.

Maganar maigida

Abin da ya ji a wa'azi yana da tushe, kuma ba daidai ba ne wani ɗan Rotary ya ce masa jahilci ne. A 1978 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta fitar da matsaya a kan Masoniyya, wato ƙungiyar asirin da Turawa ke kira Freemason, ta haramta shigarta, kuma a cikin bayanin ta ambaci Rotary da Lions, wata ƙungiyar hidima irinta, a matsayin ƙungiyoyin da take ganin rassanta ne da aka sauya wa suna. Malamai da yawa a nan a kan wannan suka dogara. Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan zargi ba, fadar Fafaroma ma ta hana limamanta shiga a 1951, kafin daga baya ta sassauta.

Ita ƙungiyar tana cewa ba ruwanta da addini ko siyasar jam'iyya, kuma ba ta da alaƙa da Masoniyya. Abin da ni zan iya shaida shi ne abin da idona ya gani a tsawon zamana a ciki, har na riƙe sakatare na riƙe shugaban kulob: ba rantsuwar ɓoye, ba ɗakin da ake hana wani mamba shiga, ba matakin da ake hawa a asirce. Kundin tsarin mulkinta yana intanet kowa na iya karantawa, baƙo kuma yana iya zama a taro daga buɗewa har rufewa. Akwai kulob-kulob a Masar da Turkiyya da Pakistan da Bangladesh da Maleshiya da Maroko, ƙasashen da Musulmi suka fi yawa. Sai dai ni ba malami ba ne, shaida nake bayarwa, ba fatawa ba. Ki ɗauki kundin da wancan hukunci ki kai wa malamin da ke da maigidanki kuka amince da iliminsa. Idan zuciyarsa ba ta kwanta ba, ki haƙura. Ba kulob ɗin da ya kai zaman lafiyar gidanki, hanyoyin taimakon jama'a kuma ba su ƙare ba.

Ni a ganina abubuwan da suka fi cancantar ki sa wa ido a fili suke. Wasu kulob a otal suke zama, kuma akan sha giya a teburin bayan taro. Maza da mata wuri ɗaya suke zama, ana miƙa hannu a gaisa. Zaman yamma yakan ci lokacin Magariba. Wasu suna tara kuɗi ta hanyar sayar da tikitin caca ko liyafar rawa. Duk waɗannan al'adar kulob ce, dokar ƙungiya ba ta wajabta ko ɗaya ba. Akwai kulob da ke tsayar da zama a yi salla, ba a kawo giya, kuma ba mai ganin laifin macen da ta gaisa da baki. Wannan ba a gane shi daga bakin mai gayyata, sai an je.

Yadda za ki gwada su

Shiga da gayyata ake yi: wani mamba ya gabatar da sunanki, shugabannin kulob su duba, a sanar da sauran mambobi, in ba mai ƙorafi a karɓe ki. Kafin a kai nan kina da damar zuwa a matsayin baƙuwa, kuma ki yi amfani da ita sosai. Ki je zama uku ko huɗu na yau da kullum, ban da ranar biki. In maigida zai yarda ya raka ki sau ɗaya, ya fi duk bayanin da zan yi. Ki lura ko ma'aji yana karanta lissafi a bainar jama'a, ko kuwa da an tambaya sai a ce sai zama na gaba. Ki duba mutum nawa ke magana, kowa ko dattawa uku. Ki ga matan kulob ɗin, suna riƙe da kwamitoci ne ko rabon abinci aka bar musu. Sannan ki roƙi a kai ki aikin da suka yi shekara uku da suka wuce, ba na bana ba, ki ga ko ruwa na zuba, ki tambayi matan da kika tarar a wurin wa suke kira idan ya lalace.

Idan kuɗin ya yi miki nauyi a yanzu, akwai Rotaract, reshen matasa daga shekara 18, wanda aka fara a 1968. Abin da mambansa ke biya wa hedikwata dala 5 ne ga na jami'a, dala 8 ga na cikin gari, kuma an cire iyakar shekaru ta sama, sai dai in kulob ya sa tasa. Akwai kuma Lions, wadda aka kafa a Shikago a 1917, ta fi ƙarfi a aikin ido. Za ki iya ma ba kulob ɗin abokiyar aikinki gudummawar iliminki ranar gwajin lafiya ba tare da kin zama mamba ba, ba wanda zai ƙi. Haka kwamitin asibitin unguwarku, da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku, da 'yan agajin masallaci, duk suna neman mai sanin magani. Abin da Rotary ta fi su da shi shi ne tsarin lissafi da hanyar samo tallafi daga waje. Abin da suka fi ta da shi, sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

In kin yanke shawarar shiga, ki gaya musu tun ranar farko kwamitin da kike so, ki ce na lafiya, kuma ki nemi a ba ki aiki a cikin watan farko. Yawancin waɗanda na ga sun fita a shekararsu ta farko, an karɓe su da tafi ne aka bar su a kujera suna biyan kuɗin abinci. Allah ya yi miki zaɓin alheri, a gaida maigida.